Hotunan da Ba Su da Kawuna

Kowane gari ba ya rasa mutum guda wanda Allah ya jarrabe shi da zaton cewa duk abin da ya karanta a littafi ya iya shi, kuma a garin Ikara, a shekarun da suka biyo bayan 1996, lokacin da aka ba Kudan ƙaramar hukumarta, ni ne wannan bawan Allah. Ina koyarwa a makarantar firamare, ina da keke da agogo da alƙaluma a aljihun gaba, ban rasa kome daga alamomin wayewa ba face kyamara. Abin da ya kwaɗaita mini ita kuwa shi ne, na lura a duk taron suna ko ɗaurin aure mai hoto ne kaɗai mahalukin da ke iya ce wa dagaci ya matsa hagu, liman ya ɗaga haɓa, attajiri ya rufe baki, su kuwa bi umurninsa ba jayayya, alhali ni da na fito kwalejin horon malamai ko 'yan aji uku ba su yi mini irin wannan ɗa'a.

Da albashi ya shigo sai na nufi kasuwar Sabon Garin Zariya, inda wani ɗan kasuwa ya fito mini da wata baƙar kyamara ta roba, mara nauyi kamar gwangwanin madarar da aka shanye, ya rantse mini da girman iyayensa cewa daga Japan ta zo, ko da yake abin da aka rubuta a gindinta ya saɓa wa rantsuwar. Ba ta da wurin daidaita nisa, ba ta da wurin daidaita haske. Maɓalli ɗaya ne, da wata 'yar ƙafa da ake murzawa da babban yatsa don jan fim, da fitila mai cin batir biyu. Ya ce ko makaho aka ba zai ɗauki hoto da ita. Wannan magana ba ta ɓata mini rai ba, domin na karanta cewa tun a 1900 George Eastman na Amurka ya fitar da kyamarar Brownie a kan dala ɗaya tak, aka yi ta tallarta ga ƙananan yara. Abin da ɗan Bature mai shekara bakwai ya iya kuwa, ai ba zai gagari malamin makaranta mai iyali ba.

Na komo Ikara na ɗura fim mai hoto 36, na shiga gari ba wanda na ƙyale. Na ɗauki uwargida tana tankaɗe, na ɗauki yara, na ɗauki ragon maƙwabci, na ɗauki kwandunan tumatir jere a bakin titi suna jiran mota, har na je na tsaya daura da kamfanin sarrafa tumatir da aka kafa a 1981 na ɗauki ƙofarsa don tarihi. Abin mamaki, lissafi ya kai 36 ya wuce, ƙafar nan ba ta cije ba, ina murzawa tana tafiya salin-alin, har na tara iyalina na yi musu bayani cewa wannan ita ce albarkar da malamai ke faɗa tana sauka a kan abin da aka saya da halaliya. Sai da na kai wanki Zariya yaron shagon ya ɗaga fim ɗin sama, fari fat daga farko har ƙarshe, ya ce, "Malam, ai wannan ko Bismilla bai yi ba." Ashe harshen fim ɗin bai kama haƙoran da ke jansa ba, yana kwance cikin gwangwaninsa tun ranar da na sa shi, ragon maƙwabci kuwa an riga an yanka.

Mai himma ba ya fasa noma don fari, saboda haka wata Laraba, ranar da kasuwar Maƙarfi ke ci, na sa sabon fim, na tabbatar ya kama, na hau mota. Wanda bai taɓa ganin Maƙarfi a lokacin rake ba bai san iyakar abin da fadama ke iya haifarwa ba: dami a kan dami, manyan motoci ana yi musu lodi su bi ta Tashar Yari su hau titin Kano da Zariya, ga mazarƙwaila an jibge, ga ƙudan zuma na kai gwauro suna kai mari. A nan na iske kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a cinikin rake. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya gyara hula, ya dafa dami, ya ƙame ya daina numfashi har na danna. Da aka kira azahar na ba shi ajiyar kyamarar na tafi alwala, domin a ganina babu amanar da ta fi ta kawu.

Ina dawowa na hango shi tsaye a tsakiyar rana, bayan kyamarar a buɗe, ya zaro fim ɗin ya miƙe shi tsakanin hannuwansa biyu yana dubawa a tsanake. Ya ce, "Ɗan nan, an cuce ka. Na duba daga wannan baki har wancan, ban ga kaina ba, ban ga raken ba." Na haɗiye abin da ya taso mini, saboda ba a ɗaga wa kawu murya, na shiga yi masa bayani da ladabi cewa asalin wannan ilmi yana wurin Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, mai littafin Kitabul Manazir, wanda ya bayyana yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje a kife, kyamara kuwa ɗakin duhun nan ne aka ƙanƙantar, fim ba ya son haske sai ɗan abin da ya shigo cikin ƙiftawar ido. Kawu ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To, in dai haske ne ke yin hoton, ai ƙara masa na yi." Har yau ban sami jawabin wannan hujja ba a cikin littattafan da na mallaka. Ya ba ni rake sanda biyu, muka rabu lafiya.

Babbar waƙi'ar kuwa a Hunƙuyi ta auku, hedkwatar Kudan, ranar ɗaurin auren 'yar ƙanen surukina. Sun yi niyyar ɗauko mai hoto daga Zariya, ni kuwa na ce haram a kashe kuɗi alhali ga ni a cikin dangi. Aka shafa fatiha rana tana tsaka, dattawa suka jeru cikin manyan riguna na farar shadda, kowa ya karya hula, na tsaya gabansu ina ba da umurni, na ɗanɗani mulkin da na daɗe ina buri. Saboda girmamawa sai na riƙa matsawa kusa da kowane dattijo don fuskarsa ta cika hoton, ba tare da wanda ya sayar mini da kyamarar ya taɓa gaya mini cewa tagar da ake leƙawa tana sama da idon da ke ɗauka ba, ta yadda in ka kusanci mutum, abin da kake gani daban, abin da fim ke gani daban, kuma irin wannan kyamara ba ta fitar da abin da bai kai nisan mita ɗaya ba sai dishi-dishi. Da dare aka kira ni cikin gida wurin mata, inda na tarar fitilar ba ta haska abin da ya wuce mita uku, batir kuma ya yi sanyi, sai amarya ta yi murmushi ta riƙe shi, ta riƙe shi, har ya zama kuka, kafin fitilar ta yarda ta kawo wuta.

Da aka wanko hotunan na buɗe ambulan a cikin mota, sai na ji gumi ya karyo mini ko da yake lokacin hunturu ne. Dattawan nan duka ga su, aska takwas da aska biyu sun fito ɗinki-ɗinki, carbi ya fito ƙwaya-ƙwaya, amma daga wuya zuwa sama babu kowa. Waɗanda na ɗauka daga nesa kawunansu sun tsira, sai dai rana na bayansu, farar shadda ta cinye hasken, fuskokin suka zama baƙin dunƙule ƙarƙashin hula. A nan dai ina da uzuri karɓaɓɓe, domin sananne ne cewa shekaru da yawa kamfanin Kodak yana auna launin wankinsa da hoton mace farar fata, ba da fuskar dattijon Zazzau ba. Ƙawayen amarya kuwa idanunsu suka fito jajaye wur, har wata tsohuwa da ta gani ta nemi tsari ta tofa.

Na kai hotunan zauren surukina ina tafiya ina jan ƙafa. Ya karɓa ya duba ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba, sa'an nan ya miƙa wa wani malami da ke zaune gefensa, masanin fiƙihu wanda tun ranar bikin na lura ba ya son tsayawa gaban kyamara. Malamin ya sa tabarau ya daɗe yana nazari, can ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta ne a kan sura mai inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, wadda aka cire wa kai kuwa an sauƙaƙa a kanta. Ban taɓa ganin mai hoton da ya kiyaye shari'a kamar yaron nan ba." Na ce, "Allah gafarta Malam, gwargwadon iko ne." Surukina ya dube ni, ya dubi malamin, ya tashi ya shiga gida, kuma tun daga ranar ba a sake sanar da ni wani biki a wannan dangi ba sai bayan an watse.

Hotunan suna nan a akwatina, ba su koɗe ba, ba su dushe ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya halarci wancan ɗaurin aure na Hunƙuyi, in yana iya shaida rigarsa ko carbinsa ko takalminsa, ya zo Ikara ya karɓi nasa; kuɗin wanki kawai zai biya.