Yadda Ake Bin Jar Hanyar Rafin Switwota Ba Tare da Rai Ya Ɓaci Ba

Yau kwana uku da dawowata daga gandun Switwota, wanda ke yamma da birnin Atlanta a jihar Jojiya ta Amurka, kuma har yanzu gwiwoyina ba su huce ba. Ba zan ce ka ɗauki ruwa ko ka sa takalmi mai ƙwari ba, wannan ko yaro ya sani. Abin da ba a faɗa shi zan faɗa maka.

Na ɗaya, kada ka yarda da kalmar "matsakaiciya". Jar Hanya ake ce wa hanyar saboda jan fentin da aka shafa wa bishiyoyi don kada mutum ya ɓata, kuma tsawonta mil ɗaya ne zuwa, mil ɗaya dawowa. Rabin farko shimfiɗe yake, ko da silifa ka bi. Da ka wuce kangon wata tsohuwar masaƙa sai ƙasa ta ƙare, duwatsu masu santsi da saiwoyi su karɓe ka, har hannu ma sai ya shiga aikin tafiya. Wanda ya rubuta "matsakaiciya" a manhajar wayata haɗa biyun ya yi ya raba, kamar a ba ka ragon suna ranar Litinin, ka kwana da yunwa ranar Talata, sannan a ce abincinka daidai wa daida.

Na biyu, kada ka tambayi masu dawowa saura nawa. Da murmushi za su ce saura kaɗan. Ka san mutumin da za ka tambaya hanya a ƙauye, ya turo leɓe ya ce ga shi can bayan kuka? To danginsa sun cika Jojiya.

Na uku, fita da sassafe. In kana taƙama ka sha ranar Sakkwato, ajiye taƙamar a mota. Zafin can busasshe ne, na nan jiƙaƙƙe: gumi ya fito ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, iska ta tsaya cik kamar ana bin ta bashi.

Na huɗu ya shafi karnuka, ko in ce masu karnuka. Mutum zai sunkuya ya kwashe kashin karensa a leda, ya ƙulle tsaf, sannan ya ajiye ledar a gefen hanya wai zai ɗauka in ya dawo. Ba ya ɗauka! Ledoji huɗu na ƙirga kafin in kai kangon, ɗaya ma an rataye ta a reshe kamar laya. Bawan Allah, ka riga ka yi mai wuyar, mai sauƙin ce ta gagare ka? Ba ni da shawara a nan, takaici kawai nake da shi.

Amma duk wannan da sauƙi a kan masu lasifika. Saurayi ya rataya 'yar lasifika a jaka, kiɗa na tashi, ya kuma zaɓi gaban kangon ya tsaya ɗaukar hoto, don an ɗauki wani yanki na ɗaya daga finafinan The Hunger Games a wurin. Nan ne raha ta ƙare mini. Ginin nan mai hawa biyar masaƙa ce da ta fara aiki a 1849, ruwan rafin ke juya injinanta, kuma bayi ne suka yi tubalin da kake jingina kusa da shi kana gyara hula. Lokacin yaƙin basasar Amurka tana yi wa sojojin Kudu zare da yadi, shi ya sa a watan Yulin 1864 sojojin Arewa, ƙarƙashin Janar Shaman, suka cinna mata wuta. Ma'aikatan, yawancinsu mata da yara, aka kama su da sunan cin amanar ƙasa, aka kai su garin Mariyeta, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa arewa. Da yawansu ba su sake ganin gida ba. Garin da ke kewaye da masaƙar ya mutu murus, daji ya cinye shi. Mutanen da ke neman na tuwo ne yaƙin manya ya rutsa da su. Wuri irin wannan, ko sallamar maƙabarta ba ka iya ba, ai ka iya yin shiru na minti biyar. An kewaye kangon da shinge don kada bango ya faɗo wa mutane. Da ana iya kewaye kunne ma da na roƙa.

Wata dattijuwa mai sanda biyu ce ta yi abin da ya kamata. Ta matsa kusa da saurayin ta yi masa magana a hankali, ya kashe kiɗan. Sai ga ƙarar ruwa a kan duwatsu ta dawo, da kukan tsuntsaye. Na zauna a kan tsohuwar magudanar da ke kai ruwa masaƙar a da, na daɗe ban tashi ba.

Na nawa muke? Bar lissafin. Duk ganyen da ka ga ya fito uku-uku a kara ɗaya, kada ka taɓa, ƙaiƙayinsa na iya kai mako biyu. Kada ka cusa hannu a ramin dutsen da ba ka ga cikinsa ba, akwai macizai masu dafi. In an yi ruwa jiya, tsaya a kangon ka juyo, duwatsun gaba ba su san girman kowa ba.

In ka isa gida, kafin ka zauna cin abinci, duba bayan gwiwa da ƙugu da ƙeya saboda kaska. Biyu na cire.