Waya ba ta bayar da bashin fulogi

Yanzu samari a Nguru sun koyi sayen kayan babur a waya. Ka ga hoton kaca da siroket suna ƙyalli, ka tura kuɗi, a ce maka an sa a motar Kano. Sai jira. Babur na jingine a zaure, kaji sun fara kwana a kansa. Ranar da kaya suka iso tasha, a buɗe leda a tarar na Jincheng ne, kai kuwa Boxer gare ka. Ka kira lambar, wata baiwar Allah ta ce maka a kashe take.

Shi kuwa mai shagon kayan gyara, ko kai ba ya ɗagawa. Tun daga ƙarar injin ya san fulogi ne ko kabireta. Zai zaro fulogi guda biyu ya dire a kan benci: "Wannan orijina ne, wannan kuma zai kai ka Gashuwa, dawowa sai addu'a." Ka zaɓi na addu'a, ya turo yaro ya ɗaura, ya rubuta sunanka a littafin bashi sai ranar kasuwa. Ga inuwa, ga ruwan randa, ga labarin wanda yashi ya kayar a hanyar Machina.

Tsada kam akwai ta, kuma Alhaji mai shagon ba ya mantuwa, ko a wajen ɗaurin aure sai ya tambaye ka lafiyar tayar da ba ka gama biya ba. Duk da haka, malam mai babur, duba farashi a waya, ka saya a shago.