Ku da Don Williams, Mu da Ɗan Kama

Mutanen Gaya, a ajiye rake tukuna, magana gare ni da ku. Na Kamba da na Malanbil, ku ma kada ku sulale, kasuwarku ɗaya, kunnenku ɗaya.

Zancen waƙar kwaikwayo na kawo, irin wadda ake ɗauko waƙar wani da ta cika gari, a bar mata karinta da kiɗanta, a kakkaɓe kalmomin a zuba na ban dariya. Ban ko rufe baki ba ga Alhaji mai siton gwanjo ya yamutse fuska: iyaka a garƙame, dilolin kaya na shan ƙura, wannan kuma ya zo mana da shiririta. Gaskiyarka, Alhaji. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka datse gadar da ta haɗa ku da Benin, fito ya koma hannun masu kwale-kwale. To amma ko na yi shiru gadar ba buɗewa za ta yi ba. Gyara zama.

Bari in fara da tsofaffin direbobi, don sun fi kowa cika baki. Ku da kuka ci zamanin ɗauko kaya daga Paraku, inda layin dogo ya tsaya, ku biyo ta Kandi, ku kwana a layin duwan kafin ku kama hanyar Dosso da Yamai: kaset ɗin wa ke cikin motar? In an cire Shata da Ɗan Anace, sauran na Don Williams ne da Jim Reeves da Kenny Rogers. Kuna lumshe ido kuna kaɗa kai, ba ku san ko matar mutumin ce ta yi yaji ko dokinsa ne ya mutu ba. Ba laifi, muryar kaɗai ta biya kuɗin kaset. Abin da ba wanda ya gaya muku shi ne, a garin Nashville inda ake buga waɗannan waƙoƙin mutanen karkarar Amurka masu sa namiji tagumi, akwai masu jiransu a bakin ƙofa. Waƙa na yin suna, kafin mai ita ya gama ƙirga kuɗinsa an haifa mata ƙanwa marar kunya.

Sarakunan wannan sana'a mutum biyu ne, Henry Haynes da Kenneth Burns, waɗanda aka fi sani da Homer da Jethro. Sun haɗu suna samari a wani gidan rediyo na Knoxville a jihar Tennessee a 1936, a 1949 kamfanin RCA Victor ya ɗauke su. A 1959 Johnny Horton ya fitar da waƙa kan yaƙin New Orleans na 1815, wanda Amurkawa suka fatattaki sojan Ingila, waƙar kuwa ta doke kowace a ƙasar. Shekarar ba ta ƙare ba sai da mutanen nan biyu suka mai da mayaƙan yaran sikawut a sansanin hutu, fagen daga ya koma leƙen 'yan mata a wurin wanka. Suka raɗa mata The Battle of Kookamonga, ta ci kyautar Grammy.

Na jiyo wani daga fada, kofin shayi a hannu, yana cewa ai wanda ya kasa tsara tasa ne ke hawa ta wani. Sannu gwani. Ka taɓa gwadawa? Ɗauki waƙar da ka haddace ka sauya mata kalmomi mu ji. Kowace gaɓa sai ta zauna daidai inda ta asali ta zauna. Inda mawaƙin ya ja numfashi nan za ka ja naka, inda ya kwantar da murya don a tausaya masa nan za ka ajiye abin dariyar, in ka yi gaba da shi da taku ɗaya ko ka yi baya, ya mutu. Mai sauraro kuma waƙa biyu yake ji lokaci guda, wadda ke kunnensa da wadda ke cikin kansa, dariyar daga karon da suke yi take fitowa. Wanda bai fi mai waƙar sauraron waƙar ba ba zai iya ba. Jethro ɗin nan da kake rainawa yana cikin gwanayen kaɗa mandolin na zamaninsa, kuma a 1962 shi da abokinsa sun fitar da faifai na kiɗa zalla, ba wasa ko ɗaya a ciki, don masu irin bakinka. Matarsa ma da matar Chet Atkins, babban makaɗin jita na Nashville, tagwaye ne, ka ga ko a gidan surukai ba a yi masa kallon ɗan koyo ba.

Amma me ya kai ni Tennessee alhali ga namu a gida? Ɗan kama ba daga Amurka ya koyo ba. Wanda ya taɓa ganinsa a bakin kasuwa ko a gidan biki ya san yadda abin yake. Ya tsaya ya gyara murya, ya ɗauko karin waƙar fada, irin wadda su Narambaɗa da Ɗankwairo ke yi wa sarakuna, da nauyinta da jan ajinta, yaransa na karɓi. Kai ka ɗauka wani basarake za a wasa. Sai ka ji malmalar tuwo ce a kan karaga, miya ce waziri, man shanu ne galadima, yaƙin da ake ba da labari kuwa da akushi aka gwabza shi, ba wanda ya tsira. Wani lokaci ya zauna ya harɗe ƙafa ya yi kamar mai jan baƙi, abokinsa na fassara, da karyar murya da gyaran rawani da komai, amma daga farkon babin har ƙarshensa hukuncin nama ne da fura da waina. Duk wannan fuskarsa a murtuke. Ranar da ɗan kama ya riga mutane dariya, ranar ya sauka daga sana'a.

Ni dai a wurina, ya fi Homer da Jethro jarumta. Su suna ɗakin ɗaukar murya, in baiti bai zauna ba su sake. Shi kuwa a tsakiyar mutanen da suka haddace waƙar asalin yake, wataƙila ma yaran mai waƙar na cikin taron. In ba a yi dariya ba, ba a kyauta, kuma nan take zai sani.

Malam, na ga ka ɗaga carbi. Ka ce raini ne, ana wasa da manya da abin girmamawa. Allah gafarta Malam, dubi dai wanda ake yi wa dariyar. Ɗan kama kansa yake fara jefawa, shi ne makwaɗaicin da duniya ta ƙare masa a bakin tukunya. In bulalar ta wuce shi ta taɓa wani, to mai zuwa walima da leda a aljihu ta taɓa, shi kuwa ko kai ka sha yi masa wa'azi. Kuma a ce mutumin Gaya ne ke tsoron tsokana? Garin da Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Kyangawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, a ƙasar da Bagobiri ba ya wuce Bazabarme bai ce masa bawana ba, Bafillace da Babarbare kuma ba su taɓa rabuwa lafiya ba? Wasan nan na tsakanin ƙabilun Nijar har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Kun kai zolaya har ta samu takarda da hatimi, sannan ku ce a waƙa ne ta zama rashin tarbiyya.

Inda kuke da gaskiya zan ba ku, kada ku ce na cika son kai. Waƙar kwaikwayo ba ta da tsawon rai. Ranar da aka manta uwar, 'yar ta zama surutun banza. Sheb Wooley, wanda ya fito a fim ɗin kaboyi High Noon a 1952, ya ƙirƙiro wa kansa wani mashayi mai suna Ben Colder, ya riƙa bin waƙoƙin da suka yi tashe yana rera su da muryar wanda ya sha ya yi tatul. A 1966 David Houston ya yi waƙar magidancin da ya kusa faɗa wa wata mata a mashaya sai zoben aure ya dawo da shi hayyacinsa. Ben Colder ya bi ta a shekarar, tasa ma ta sayu, a 1968 ƙungiyar masu wannan kiɗa ta ba shi kambin ɗan barkwancin shekara. Saurari faifansa guda daga farko zuwa ƙarshe yau, kafin rabi ka gaji, wasa ɗaya ne ake ta juyawa. Wasu daga cikin irin waɗannan waƙoƙi kuma da wata ƙabila ko da mata suke dariya, ba su tsufa da kyau ba. A nan gida ma akwai mai fakewa da barkwanci ya ci mutuncin wanda ya hana shi kyauta. Wannan zambo ne, gidansa daban.

Ku matasa da kuke cewa ba ku san wani ɗan kama ba, kun san shi, hula kawai ya sauya. Rabilu Musa Ɗan Ibro da ya ɗauko rawa da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya yi Ibro Awilo, wace sana'a kuke zaton yana yi? Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, yana muryar miji yana muryar mata a Jawabin Aure, shi kaɗai ya zama gida guda mai rigima. Yazi Dogo kuwa ɗan jiharku ne, daga Dogon Dutsi, ya shekara da shekaru yana nuna wa ma'aikaci da ɗan kasuwa da maigida halinsu a talabijin suna dariya.

Sai dai ladan ya bambanta. A Amurka, kamfanin Acuff-Rose na Nashville ya kai wasu mawaƙa ƙara don sun kwaikwayi wata waƙar Roy Orbison, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1994 ta ce kwaikwayo na barkwanci na iya halatta ko da kuɗi ake nema da shi. A Kano kuwa, a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a Disambar 2014, Ɗan Maraya ya bi shi a 2015, waɗanda suka ce shiririta suke yi sun fi kowa cika wayoyinsu da su.

Su waɗannan ma sun yi sa'a, na'ura ta kama su. Homer da Jethro sun bar faifai tuli, a 2001 aka shigar da sunansu zauren girmama gwanayen wannan kiɗa a Nashville. Ɗan kama fa? Bature C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan 'yankamanci a 1967. Mu da muka sha dariyar muka watse, kowa ya kama gabansa. Shiga kasuwar Gaya wurin masu tura waƙa a katin waya ka ce a sa maka Don Williams, kafin ka zauna an gama. Ce a sa maka ɗan kama ka ga yadda yaron zai dube ka.

Don haka Alhaji, tunda kayan na jibge kuma lokaci ya yi maka yawa, ga ciniki. Duk ƙauyen da ka ji labarin akwai tsohon ɗan kama da ya rage, tsakanin nan da Kamba ko can wajen Argungu, aika kabu-kabu a ɗauko shi. Yaran fada su kawo wayoyin nan da suke ɗaukar hoton kofin shayi, wani gidan rediyon gari ya ba da rabin awa. Ba zai ci maka kuɗin dila ɗaya ba. Hajiya kuma ta tuƙa tuwo mai yawa, amma a bar shi a madafa, a rufe ƙofa, sai an gama ɗauka.