Manyan Sikilid a Matsakaicin Akwati: Yadda Biyar Ke Komawa Ɗaya

Sikilid babban dangi ne a cikin kifayen ruwan daɗi. Ire-irensa da masana suka raɗa wa suna sun haura 1,600, kuma karfasar kogunanmu ma 'yar gidan ce. Mafi yawansu a Afirka suke, musamman a tafkunan Malawi da Tanganyika da Biktoriya. Amma waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen girman jiki da neman rigima, akasari daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suka fito. Su ne ake sayowa a zuba a akwatin gilashi a falo, wai don mutum ya samu natsuwa idan ya dawo daga aiki. Natsuwar ba ta cika wuce wata uku ba.

Faɗan sikilid yana da tushe. Kifaye da yawa zubar da ƙwai suke yi su kama gabansu. Shi kuwa irin wannan sikilid dutse yake zaɓa ko ya haƙa rami, ya share wurin tas, uwa da uba su tsaya gadin ƙwai da 'ya'ya. Mai gadi dole ya shata iyaka, wanda ya ƙetare ta kuma ya ja wa kansa. A kogi abin da sauƙi: biyu su kumbura wuya, su kama juna baki da baki suna ja, wanda ya ji ba zai iya ba ya yi ta kansa, magana ta ƙare. A akwati kuwa, wanda aka kayar yana gudu sai ya ci karo da gilashi, ya juyo ya tarar da wanda ya kayar da shi. Shi kuma wancan ya ɗauka raini ne ya dawo da shi, sai a koma farko.

Akwatin da ake kira matsakaici shi ne mai galan 55 a ma'aunin Amurka, wato lita 208, daidai ruwan duro guda. Tsawonsa santimita 122 ne, tsayinsa wajen 53, faɗinsa kuwa 33 kacal. Mai saye tsawon yake kallo, domin shi ke cika bango ya burge baƙo, alhali faɗin ne ke yanke hukunci, tunda a cikinsa kifi ke juyawa. Yayansa mai galan 75, lita 284, tsawonsu ɗaya amma faɗinsa ya kai 46. Ko wanne aka saya, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, idan an haɗa da gilashi da tsakuwa da duwatsu ƙaramin ma ya haura kilo 250. Teburin falo da aka ƙera don ɗaukar tire da kofuna yakan yi kashedi sau ɗaya tak, da ƙara, galibi da tsakar dare.

A shago duk sikilid 'yan ƙanana ne, santimita 4 ko 5, suna yawo tare cikin lumana saboda ba su balaga ba. Mai saye yakan tambaya, “Malam, waɗannan za su zauna tare kuwa?” Amsar ba ta sauyawa: “Haba Alhaji, ai tare suka tashi. Kuma shi kifi daidai gidansa yake girma.” Maganar farko gaskiya ce, sai dai ba ta da amfani. Ta biyu kuwa ba haka take ba. Kifin da aka matse a ƙazamin ruwa yakan tsumbure ya mutu da wuri, ba ladabi yake yi wa akwati ba.

Wanda aka fi ɗauka shi ne Oska, Astronotus ocellatus, ɗan yankin Amazon, mai tabo kamar ido a gindin wutsiya. A shekararsa ta farko yakan ƙara santimita 2 ko fiye a kowane wata, ya tsaya a wajen 30 ko sama da haka, ya kuma rayu fiye da shekara 10. A akwati mai faɗin 33 sai ya lanƙwashe kafin ya juya. Oska ba shi ne gwarzon faɗa ba, haɗama ce ta yi masa yawa: duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, abin da bai shiga ba kuma a jira shi wata mai zuwa. Yana gane mai ba shi abinci, ya taso yana rawar jiki, ya karɓa daga hannu, wani lokaci ya haɗa da yatsa. Yana da ra'ayi a kan adon gida. Mai kiwo ya ɓata yammaci guda yana jera duwatsu yana dasa ganye, da safe ya tarar ganyen na yawo a saman ruwa, tsakuwar an tara ta tsibi a kusurwa ɗaya, hitar gilashi kuma an gwada ƙarfinta da bango. Sannan ga fushi. Idan aka sauya masa ruwa ko aka gusar da dutsensa, sai ya kwanta a gefe ɗaya a ƙasan akwati, launinsa ya koɗe. A gidajen da ba a san halinsa ba akan tara yara a sanar da su cewa kifi ya mutu. Mamacin yakan miƙe da zarar an girgiza gwangwanin abinci.

Jak Demsi ya samo sunansa ne daga ɗan damben Amurka da ya riƙe kambun duniya na masu nauyi daga 1919 zuwa 1926. Daga kudancin Meksiko zuwa Honduras ake samunsa, girmansa santimita 20 zuwa 25, jikinsa da ɗigo-ɗigo shuɗaye masu walƙiya. Sunan ya ɗan fi shi zafi: rabin yininsa a cikin tukunya yake yi yana leƙe. Koren Firgici na Ekwado da Peru ya fi shi iya yaudara, domin yakan daɗe yana zaman salihi, sai ya balaga sannan maƙwabta su san da wa suke zaune.

Jan Shaiɗan, Amphilophus labiatus, na tafkunan Nikaraguwa da Managuwa, ba ya ɓoye komai tun farko. Yana kai wa kifi hari, da koma, da hannun mai wanke akwati, da baƙon da ya matso da fuska kusa da gilashi. Ɗan'uwansa a hali shi ne Fulawahon, wanda babu shi a kowane kogi tun asali. Masu kiwo ne a Malesiya suka samar da shi ta hanyar haɗa jinsi a shekarun 1990, suka fito da kifi mai ƙaton ƙullutu a goshi, wanda wasu ke saye da tsada don suna ganin yana kawo sa'a. Sa'ar ba ta shafi duk kifin da aka haɗa shi da shi ba. Jaguwa, da ke wuce santimita 35, da Dobi, da kan kai 70, ba su da hurumi a wannan magana, ko da yake a shago su ma santimita 5 suke.

Sai Ɗan Fursuna, mai ratsin baƙi, wanda da ƙyar yake kaiwa santimita 12. Shi ake ƙarawa a ƙarshen ciniki a matsayin gyara. Idan aka yi rashin sa'a aka samu mace da namiji, kafin a ankara sun yi ƙwai a ƙarƙashin dutse, su biyun nan su kora Oskan da ya ninka su sau da yawa zuwa bayan bututun matata, ya tsaya can yana kallon bango. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Jajayen sikilid na kogunan Afirka ta Yamma ma haka suke yi idan sun tashi haihuwa.

Tarihin akwatin da aka zuba wa biyar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Watan farko na ɗaukar hoto ne. A wata na uku ake fara ganin yagaggen wutsiya, da kifi ɗaya da ya tare a kusurwar sama ba ya saukowa ko don abinci. Daga nan mai kiwo ya shiga neman shawara. Wani ya ce a sake jera duwatsu don kowa ya manta iyakarsa, a yi hakan, a samu zaman lafiya na kwana biyu. Wani ya ce a zuba ƙananan kifaye masu gudu don su ɗauke hankalin manya, Oska ya karɓi wannan shawara da godiya. Wani ya ce a raba akwatin da raga, Jan Shaiɗan ya haƙa rami ta ƙarƙashinta a dare ɗaya. Wani kuma ya ce a ƙara yawansu har faɗan ya rasa wanda zai bi. Wannan dabara ce ta gaske, amma ta masu kiwon mbuna ce, ƙananan sikilid na Tafkin Malawi. Wanda ya gwada ta da ƙattin Amurka ya ƙara wa mai shago ciniki ne kawai. A irin wannan lokaci ne uwargida kan tsaya gaban akwati tana ƙirga da yatsa ta ce, “Malam, jiya ba huɗu ba ne?” Shi kuma ya ce ɗayan ya ɓuya ne. Ya ɓuya ɗin, amma ba a bayan dutse ba.

Ko faɗa bai kashe su ba, ruwa na jira. Babban kifi ci yake da yawa, kuma abin da ya ci yana fitowa a matsayin amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin matata su ke juya ta zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su kafu a sabon akwati akan ɗauki mako 4 zuwa 6, shi ya sa zuba kifi ranar da aka sayo akwati ganganci ne. Suna kuma buƙatar ruwa ya riƙa gudana ta kansu, saboda haka a garin da ake ɗauke wuta yini guda, mai kiwo yakan wayi gari yana tayar da janareta saboda bakteriya, abin da ba ya iya yi wa maƙwabta bayani. Naitiret ba ta fita sai da canjin ruwa, wajen sulusi a kowane mako, kusan jarka uku ke nan. Da tiyo ake zuƙo shi, kuma duk wanda ya taɓa fara zuƙar da baki ya san ɗanɗanon akwatinsa. Idan aka yi sakaci, Oska yakan kamu da ciwon da ke huda masa ramuka a ka.

Saboda haka zaɓin bai da faɗi. Akwatin lita 208 zai ɗauki Jak Demsi ɗaya, ko mace da namiji na Ɗan Fursuna su kaɗai, ko na Bakin Wuta, Thorichthys meeki, ɗan santimita 15 da ya fi yawan barazana a kan cizo. Na lita 284 zai ɗauki Oska ɗaya, ko Koren Firgici ɗaya, ko Fulawahon ɗaya, da matata mai ƙarfi da murfi mai nauyi, domin suna tsalle. Wanda ya sayi biyar shi ma a ɗaya zai ƙare, sai dai kifayen ne za su zaɓar masa, kuma ba lallai su bar wanda ya fi so ba.

Saura batun wanda ya fi ƙarfin akwati. Sakinsa a kogi ko dam ɓarna ce: ta irin wannan hanya Oska ya kafu a magudanan ruwan Fulorida tun shekarun 1950, Fulawahon kuma ya shiga tafkunan Malesiya. A kasuwannin Amazon ana sayar da Oska don miya, kuma ba a rasa baƙon da zai kawo wannan shawara, amma wanda ya shekara uku yana ciyar da kifi da hannu ba ya iya jin ta. Abin da ya rage shi ne a sa shi a bokiti a mayar wa mai shago. Mai shago zai karɓa kyauta, don girman Alhaji, ya sa shi a akwatin gaba ya liƙa masa farashi. Kuma tunda Alhaji ya riga ya zo, akwatin gida kuma babu kowa, sai ya nuna masa wasu 'yan ƙanana da suka iso jiya. Dobi ake ce musu, kuma tare suka tashi.