Nasiha Ga Wanda Bindigarsa Ta Ƙi Ɗuri Ran Salla

Ya kai ɗan'uwana wanda Allah ya ƙaddara maka gadon bindigar kakanka, ka sani cewa babu abin da ke zubar da girman ɗan bindiga a ƙasar Damagaram, tun daga Zermu da Mirriya har cikin Birni, kamar a ce ran hawan salla, dawaki sun jeru, algaita ta ɗauka, abokansa sun cika sarari da hayaƙi, shi kuwa yana durƙushe a gindin bango yana ta kokawa da sandar ɗuri wadda ta ƙi shiga, ta kuma ƙi fita. Domin a yi maganin wannan musiba na rubuta waɗannan sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne sanin asali, domin wanda bai san darajar abu ba, ba ya iya yi masa ladabi. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya kewaye Birni da garu, ya tara bindigogin da fatake ke kawowa ta hanyar Tarabulus, ya sa maƙeransa suka zuba igwa, aka kuma riƙa haɗa albarushi a cikin garin, har sarakunan makwabta suka san da zamansa. Bayan yaƙin Tirmini a 1899, da Faransawa suka karɓi ƙasa, bindigar gargajiya ta bar fagen fama ta koma ta farauta da ta salla. Ashe ke nan abin da ke rataye a zaurenka dattijuwa ce mai nasaba, dattijuwa kuwa ba a yi mata tsawa.

Sharaɗi na biyu shi ne zumunci. Illar da ke hana ɗuri, in an bi silsilarta, ba ta wuce wannan ba: an harba ta a babbar sallar bara, aka jingine ta da daɗɗalar albarushi a cikinta, damina ta zo ta sa mata tsatsa, hunturu ya bi da ƙura, wataƙila ma zanzaro ya yi gini a bakinta ya hayayyafa, sa'an nan ran jajibere aka zo ana neman ta yi magana. Wanda ya yanke zumunci shekara guda, ai ba ya shiga gida da roƙo kafin gaisuwa. Saboda haka wajibi ne, tun watan azumi bai raba ba, ka tabbatar babu tsohon ɗuri a cikinta, ka wanke cikin da ruwan zafi har ya fito fari, ka tsane shi da tsumma, ka shanya ta sarai.

Sharaɗi na uku shi ne tsakaitawa wajen mai. Akwai masu zuba mata man gyaɗa kamar za su soya ƙosai, alhali kuwa mai in ya yi yawa jiƙa albarushi yake yi, ya kuma kama ƙura ya zama danƙo. Shafa ɗaya da tsumma ta wadatar. Tsofaffin sojan Faransa, waɗanda suka riƙe bindigar MAS 36, sun san wannan hukunci a wajen ɗan ƙarfen nan mai riƙe harsashi biyar a jere: in ya cije, busasshen maiko ne da rairayi, sai a goge shi, a danna da babban yatsa a hankali daga gindin harsashi, nan da nan su gangara kamar tumaki sun ga ƙofar garke. Bindigar Nasara da ta kaka, ashe duk halinsu ɗaya.

Amma makaruhai, waɗanda wasunsu ma sun kai haramun, su ne: dukan sandar ɗuri da dutse, ƙara albarushi fiye da ma'auni don 'yan mata su ji ƙararka ta fi ta maƙwabci, zuba sabon ɗuri alhali akwai sauran wuta a ciki, riƙe taba a baki lokacin ɗuri, da sa harsashi ko tsakuwa a bindigar salla. Mafi girmansu duka shi ne leƙa bakinta in an ja kunama ta yi shiru, domin sau da yawa tana jinkirta jawabi ne kurum, wanda ya leƙa kuwa shi za ta ba amsa. Ka ɗaga bakinta sama, nesa da jama'a, ka yi haƙuri.

In ka cika waɗannan duka ta ci gaba da gardama, ko ka ga tsaga a jikin ƙarfenta, to ka kai ta wurin maƙeri, shi ne alƙalinta, abin da ya yanke kuwa ka karɓa. In ya ce ta tsufa, ka goge ta, ka saɓa ta a kafaɗa, ka bi sarki da ita haka nan, domin ta yi wa kakanka aiki, ta cancanci hutu, kai kuma iyalinka suna son ka komo gida da yatsunka goma ka ci tuwon salla. Allah ya maimaita mana, amin.