Hanyoyin Gaggauta Ajalin Batirin Jirgi Maras Matuƙi

Batirin da ke ɗaga ƙananan jirage marasa matuƙi, irin waɗanda masu ɗaukar hoton biki da masu shirya finafinai ke tayarwa sama, daga dangin litiyam yake, wato dangin da kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Abin da waɗannan malamai suka shafe shekaru suna haɗawa, mai jirgi na iya gamawa da shi a bazara guda, kuma tun da littattafan da kamfanoni ke sakawa cikin kwali sun karkata kacokan ga yadda batir zai daɗe, ya dace a cike giɓin domin amfanin wanda ya gaji da nasa.

Hanya mafi inganci ita ce karamci, domin batura da dama a ajiye suke mutuwa, ba a sararin sama ba. Kowane batir ya ƙunshi ƙwayoyi, galibi ƙananan jakunkuna shafaffu da aka jera aka haɗa, kuma ana auna ƙarfin turin lantarkin kowace ƙwaya da ma'aunin da ake kira bolt: idan ta cika maƙil takan kai 4.2, yayin da masana ke son a ajiye ta a wajen 3.8, daidai da cajin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Dalilinsu shi ne ruwan sinadarin da litiyam ke ratsawa tsakanin ɓangarori biyu na ƙwayar yakan riƙa ruɓewa a hankali matuƙar tana cike, yana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya yi aiki, yana kuma haifar da iskar da ba ta da mafita. Saboda haka mai neman ganin bayan batirinsa sai ya ɗauke shi tamkar baƙon da abin kunya ne ya kwana ba a ƙoshe ba, ya cika shi bayan kowane tashi, ya adana shi a haka wata da watanni. Kamfanin DJI na ƙasar Sin ya yi ƙoƙarin yi wa wannan shiri zagon ƙasa, inda ya ƙera batura masu rage wa kansu caji zuwa kusan kashi 60 idan suka yi kwanaki ba a taɓa su ba, amma mai himma yana warware wannan katsalandan ta hanyar mayar da su caji duk lokacin da ya ga ɗaya daga fitilun da ke nuna cajinsu ta mutu.

Zafi shi ne mataimaki na biyu, kuma kyauta ake samunsa. Tun a 1889 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda zafi ke hanzarta cuɗanyar sinadarai, har aka samo daga aikinsa ƙiyasin nan na cewa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin lalacewa. Masu ƙera baturan suna ba da shawarar a adana su tsakanin digiri 22 da 28 a ma'aunin Salshiyas, shawarar da mazaunin Sakkwato ko Maiduguri zai karanta a watan Afirilu ya yi murmushi, ganin cewa ko a inuwa zafin garinsa kan haura 40. Wanda bai ƙoshi da wannan baiwa ba sai ya bar jakar jirgin cikin mota a rufe da tsakar rana, inda zafi ke iya zarce 60, ko kuma ya jona batirin da caja da zarar jirgin ya sauka, tun yana ƙona hannu, maimakon ya bari ya huce.

Akwai kuma tafarkin masu rowa, wanda bayaninsa gajere ne. A yi biris da kukan gargaɗin da na'urar sarrafawa ke yi har sai jirgin ya sauko da kansa, sannan a jefa batirin cikin durowa, a manta da ƙa'idar nan ta yi masa caji duk bayan wata uku. Idan ƙwaya ta faɗi ƙasa da bolt 3 ta ci gaba da tsiyaya, jan ƙarfen da ke cikinta yakan soma narkewa, kuma ranar da aka tuna da ita aka sa mata wuta, yana iya haɗe ɓangarorin da bai kamata su taɓa juna ba.

Alamar cewa aiki ya kankama ita ce kumburi, wato lokacin da iskar da aka ambata ta taru, batirin ya yi tumbi har ya ƙi shiga gurbinsa. Masu tsoro sukan yi masa ritaya nan take, su sa shi cikin bokitin yashi nesa da ɗaki kafin su kai shi inda ake karɓar sharar lantarki. Jarumi kuwa danne shi yake yi da littattafai ko ya huda shi da allura domin iskar ta fita, kuma a nan ne yake haɗuwa da abin da ake kira ƙwacewar zafi, wato yanayin da zafi ke haifar da cuɗanyar da ke ƙara haifar da zafi, har ƙwaya ta kama da wuta ta kunna maƙwabciyarta. Matsalar batirin litiyam ce ta sa aka dakatar da tashin jiragen Boeing 787 a farkon 2013, ita ce kuma ta tilasta wa Samsung janye wayar Galaxy Note 7 a 2016, don haka wanda ya yi caji a kan katifa, da daddare, da caja mai araha wadda ba ta daidaita ƙwayoyi, ya shiga sahun manya, ko da yake su suna da lauyoyi da inshora.

Saura batun tafiya. Dokokin sufurin sama sun ce batirin da ba ya jikin na'ura a jakar hannu ake riƙe shi, an rufe bakinsa da salatif don kada makulli ko tsabar kuɗi su haɗa shi, kuma ana auna shi da wat-awa, wato bolt ɗinsa sau yawan lantarkin da yake riƙewa. Wanda bai wuce 100 ba, kamar na jirgi maras matuƙi Mavic 3 mai 77, yana wucewa salin alin. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin fasinja, kuma guda biyu kacal. Abin da ya haura haka ba ya shiga jirgin fasinja. Mai gaggawar rabuwa da batirinsa sai ya cusa shi cikin babban akwatin da ake aunawa, inda na'urar bincike za ta gano shi, a kira sunan mai kaya ta lasifika, jami'ai su karɓe batirin da sauran lafiyarsa.