Halayen Naira Miliyan Ɗaya, Domin Manoman Rake

Duk manomin da ya kwashe rakensa daga fadamun Kudan ya kai kasuwar Makarfi zai iya wayar gari da 1,000,000 a hannu. Ya kamata ya san da wa yake zaune.

Miliyan lamba ce cika, ba mara ba. Asalinta biyu ne da biyar kawai: a jera 2 guda shida a ninka su da juna a samu 64, a jera 5 guda shida a ninka su da juna a samu 15,625, a haɗa su aure. Dubu ce sau dubu, wato takardar dubu guda dubu, bandir goma. Wanda ya sa aka canza masa ita zuwa naira ɗai-ɗai, yana ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, zai yi kwana 11 da rabi ba barci ba tuwo.

Lambobi 49 ne ke raba ta ba saura. Mai mata biyu ya huta, mai huɗu ma haka, kowacce 250,000. Tumunin gado yana fita sumul, 125,000. Ko mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kudan, daga Hunkuyi har Likoro, kowacce za ta ɗauki 100,000 a watse lafiya.

Matsalar tana wajen mai mata uku. Kowacce za ta samu 333,333, naira ɗaya ta yi saura. To wa za a ba? Uwargida ta ce ita ce babba, amarya ta ce ranar girkinta ne. Haka za ta faru idan aka ce Ikara da Makarfi da Kudan su raba. A gwada wa 'ya'ya bakwai: 142,857 kowanne, saura naira ɗaya. Tara, saura ɗaya. Goma sha ɗaya, saura ɗaya. Goma sha uku, ita ce dai. Dalilin kuwa, 999,999 ce mai haƙuri da jama'a, tana rabuwa ga duk waɗannan, sai nairar nan ta ƙarshe ta zo ta ɓata zumunci. Kuma ba ta sayen komai. Ko gutsuren mazarƙwaila mai talla ba za ta ba ka da ita ba, in ma ka samo kwabbanta.

Don haka masana lissafi suna da mafita biyu. Mai son zaman lafiya ya yar da naira ɗaya a hanyar Zariya kafin ya iso gida.

Wanda kuma dangi suka yi wa yawa, ya ranto naira uku ya ƙara. 1,000,003 ba ta rabuwa daidai ga mutum biyu, ko uku, ko ɗari, sai dai a bar wa mutum ɗaya ko a tara mutum 1,000,003. Sai ya tara 'yan'uwa a zaure, ya buga musu a kalkuleta, ya nuna musu cewa shi ma ya so ya raba.